Hannun Rigar Lukmanu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bin labarina. Na san na ɓace muku, na kuma ga ƙorafinku ya cika min waya. Wata har cewa ta yi ko an ɗaura ne na manta da ku. Baiwar Allah, ina ma hakan ne. Yau sai da na ɗauki wayar nan na ajiye ya fi a ƙirga kafin na iya fara rubutu, ko yanzu ma idona a kumbure yake kamar wadda ta yini yankan albasa.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Saliha, 'yar Malam Zaharaddini mai gonar shinkafa a bakin babban kanal, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Wanda nake so sunansa Lukmanu, ɗan gidan maƙera, shi ne ke ƙera laujen da rabin garinmu ke yankan shinkafa da shi. Maraya ne, tun yana ciki mahaifinsa ya rasu, don haka ƙanin uban, Baffa Uba, shi ne magabacinsa. Ni dai abu ɗaya nake nema a duniyar nan, Baba ya buɗe baki ya ce Lukmanu ya turo. Abin da ya tsaya wa Baba a wuya kuwa shi ne wasan wutar da Lukmanu yake yi.

Ba irin wasan wutar maƙeran da kuka sani ba ne, na kama jan ƙarfe da hannu. Shi nasa a waya ya gano shi. Wasu mutane ne can tsibiran Samowa, a tsakiyar teku, suke da wata doguwar adda mai ƙugiya a baki. Sai su naɗe mata tawul sama da ƙasa, su tsoma a mai, su kunna, mutum ya dinga juya ta har ka daina ganin ƙarfen, sai zoben wuta kawai yana zagaye shi. Su cilla sama su cafe, su bi da ita ta bayansu, ta ƙarƙashin ƙafa, ana kaɗa musu ganguna kamar za a fasa. Lukmanu ya ce min asalinta makamin yaƙinsu ne, daga baya suka sa mata wuta ta zama wasa. Ya kalli bidiyon mutanen nan har batirin wayarsa ya kumbura. Da ƙotar fartanya ya fara koyo a bayan injin casar shinkafa, yara na yi masa dariya, daga baya ya samo tsohon sifirin na mota ya ƙera tasa addar da hannunsa. Yanzu ko a Garun Mallam ka ce Lukmanu Samowa an san shi.

Mutanen can tsirara suke yi daga ƙugu zuwa sama. Shi kuwa Lukmanu kullum cikin riga mai dogon hannu yake, mai kaurin gaske, ya jiƙa ta da ruwa kafin ya fara. Ba a wajen wasa kaɗai ba, ko a maƙera, ko cikin zafin bazara da kare ke laɓewa ƙarƙashin mota, hannun rigarsa a sauke yake har wuyan hannu, maɓalli a ɓalle. Ku riƙe maganar rigar nan, don a kanta na rushe komai.

Ni na san abin da ke ƙarƙashinta. Bazarar da ta wuce ne Umma ta aike ni kai wa 'yan ƙwadago abinci gona. Na ajiye musu kula na juyo ta bakin ƙaramin kanal, sai na hango mutum tsugune a bayan masara yana alwala, shi kaɗai, yana waige-waige kamar ɓarawon tumatir. Lukmanu ne, ya zo gyara wa maƙocinmu ƙafar injin ban-ruwa. Na lallaɓo don na tsorata shi, ashe ni zan tsorata.

Daga wuyan hannunsa har gwiwar hannu babu wajen da wuta ba ta taɓa ba. Wani tabon ya tsufa ya yi fari, wani ya tattare, wani kuma sabo ne ja-wur.

"Innalillahi! Lukmanu, mene ne wannan?"

Ya zabura ya ja hannun rigar ya rufe, ruwa na ɗiga. Sai da ya tabbatar ni kaɗai ce sannan ya yi wani murmushin da bai kai ciki ba.

"Satifiket ɗina ne," in ji shi. "Kin zaci a banza ake iyawa?"

"Amma mutane cewa suke wuta ba ta cinka."

"Bar su su faɗa. Saliha, ki yi min alƙawari ba za ki gaya wa kowa ba. Ko Ummanki."

"Kai dai ka cika yanga. Don tabo? Ni ai ban ce ba na so ba."

"Ki dai yi min alƙawari."

Na yi masa, har da rantsuwa, ina dariya. Wallahi ni a zatona kunyar samari ce, irin ta mai sanƙo da ba ya cire hula. Ban tambaye shi dalili ba, shi ma bai faɗa ba.

To a gida kuma ga Baba. Baba ba mugu ba ne, kada ku zage min shi a ƙasan rubutun nan kamar wancan karon. Mutum ne da ko ƙwayar shinkafar wani ta faɗo buhunsa sai ya mayar. Amma idan ya ji ƙanshin tsafi a abu, to an gama. Wata safiya Umma na suyar waina a tsakar gida, shi yana kan tabarma yana shan koko, ta ɗan gwada sa baki.

"Malam, yaron nan fa yana da sana'a, kuma ba a taɓa jin sa da abin assha ba."

"Na sani," in ji Baba. "Laujensa ma babu irinsa. Amma ke kin taɓa ganin mutumin da zai ɗora wuta a tafin ƙafa ya tashi yana dariya? Kuma ni shekara nawa ina sallah a masallacin nan, ban taɓa ganin yaron nan ya tsuguna a bakin famfo ya yi alwala cikin mutane ba. Kullum wai da alwalarsa ya zo. Me yake ɓoyewa a hannun nan in ba kambu ba? Ba zan ɗauki 'yata na kai inda ake ɗaura laya don wuta ba."

Ina bakin murhu ina jin su, maganar ta zo min har maƙogwaro na haɗiye. Na shige ɗaki na tura wa Lukmanu saƙo.

"Baba cewa yake kambu kake ɓoyewa. Don Allah ka zo ka nuna masa hannunka, shi kaɗai, a zaure."

"Ba zan iya ba."

"Ko don ni?"

"Ki ƙara haƙuri. Zan san yadda zan yi."

"Haƙurin nan dai tun bara. Aziza da muka yi sauka tare har ta yaye."

Ya turo min hoton fuska mai dariya da na wuta. Na ji kamar na jefa wayar a randa.

Ranar Juma'ar da ta wuce aka yi bikin Luba, 'yar Baffa Uba. Ankon atamfa ce ruwan ganye mai zanen zinari, na ba tela ya yi min doguwar riga mai tattara a ƙugu, na yafa mayafi ruwan madara, ga jan lalle da na kwana biyu ina tattali kada ruwan wanke-wanke ya cinye shi. Aziza ta ce in Lukmanu ya gan ni sai addar ta suɓuce masa. Na ce ta tofar da yawu.

Baba ya je ɗaurin aure don shekara da shekaru a gidan yake sayen kayan noma. Da yamma ya koma yi musu Allah ya sanya alheri, zai tafi Baffa Uba ya riƙe masa hannu, wai, "Malam, ba inda za ka sai ka ga gado." Kunya ta sa Baba ya zauna a kan benci, fuskar nan a murtuke.

Ana idar da magariba aka buɗe fili a ƙofar maƙera. Makaɗan dundufa, wato kiɗan maƙera, suka zauna a gefe. Lukmanu ya fito cikin baƙar riga mai dogon hannu a jiƙe sharkaf, ya ajiye bokitin ruwa da jiƙaƙƙen tawul kusa da ƙafarsa. Ya tsoma kan addar da gindinta a gwangwanin kananzir, ya koma gefe ya yi ta kaɗe ta har ta daina ɗiga, don ya taɓa gaya min ragowar man nan shi ke fallatsa wa 'yan kallo. Sannan ya miƙa ta ga garwashin maƙera, ta kama bal!

'Yan uwa, na sha ganin wasan nan amma ban taɓa ganin irin na ranar ba. Ya fara a hankali, wutar na kuka fuu, fuu, duk juyi ɗaya. Kiɗa ya ɗau zafi shi ma ya ɗauka. Ƙarfe ya ɓace, sai zobe. Ya bi da ita ta wuya, ta bayan gwiwa, ya cilla ta sama har ta wuce tsayin darbejiyar ƙofar gida, ya juya ya cafe ta ta baya ko kallo bai yi ba. Mata suka ɗau guɗa. Ya kwanta rigingine ya ɗora ta a tafin ƙafafunsa, wuta ta nan wuta ta can, ya wuntsila ya miƙe da ita. Samari sun ɗaga wayoyi sama, tsofaffi suna ta salati. Ni kuwa hannuna na kan ƙirji, don ni kaɗai a wajen na san abin da kowane juyi ya ci a jikinsa. Haka dai nake zato a lokacin, cewa ni kaɗai ce.

Sai Baffa Uba ya karɓe lasifika daga hannun mai sanarwa. Dattijo ne ƙaƙƙarfa, murya kamar ana dukan uwar maƙera.

"Jama'a kun gani da idonku! Wannan ɗan ɗan'uwana ne, jinin gidan nan! Mu wuta ba ta cin ɗanmu, tun kaka da kakanni. Tun yana zanin goyo aka gama masa komai!"

Fili ya ɗauki tafi. Na dubi bencin da Baba yake, na ga ya miƙe yana kaɗe babbar rigarsa. Ya biyo ta gefen da mata muke, ya tsaya daidai kaina, bai ko ɗaga murya ba.

"Kin ji da kunnenki ko? Tashi mu tafi. Kada na ƙara jin sunan yaron nan a gidana."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da ko ido ba na haɗawa da Baba, sai ga ni ina magana da ƙarfi a tsakiyar jama'a.

"Wallahi Baba ba haka ba ne! Wallahi wuta tana cinsa! Babu kambu, babu komai, duk hannunsa ƙuna ce, ni na gani da idona. Ku ce ya naɗe hannun rigarsa ku gani!"

Aziza ta finciki mayafina tana cewa, "Ke Saliha, ke!" amma bakin ya riga ya saki. Na kusa suka ji, suka gaya wa na nesa. Makaɗa suka sassauta, suka tsaya. Lukmanu ya sauke addar, ya lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tawul, hayaƙi ya tashi.

Baffa Uba ya tako tsakiyar fili, lasifikar na hannunsa har lokacin.

"Me yarinyar nan ta ce?"

Ya juya ga Lukmanu.

"Lukmanu. Naɗe."

"Baffa..."

"Na ce naɗe!"

Ya ɓalle maɓallin dama, ya ɓalle na hagu, ya naɗe su a hankali har gwiwar hannu. Wani ɗan iska ya haska fitilar waya, sauran ma suka haska. Komai ya fito fili, tsohon da sabon, har da wanda ya samu yanzu-yanzu yana ƙyalli.

Baba ya ratsa mutane ya je ya kama hannun. Ya juya shi ciki da baya, ya duba har damtse, ya duba ɗayan. Na ga kafaɗun Baba sun sauka.

"Allahu akbar," in ji shi. "Sannu yaro. Sannu."

Ku ji wautata. A daidai lokacin murmushi nake yi. Hawaye a fuska, baki har kunne, ina jin na yi abin da ya gagari kowa. Na ga dai Baffa Uba ya ajiye lasifika a ƙasa, kuma maimakon ya dubi Lukmanu sai ya juya ya kafe idonsa a ɓangaren mata, kan Inna Tambaya, mahaifiyar Lukmanu. Tana tsaye da farantin alkaki a hannu, sanye da ankon iyaye. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Ai dama..." sai ta toshe bakinta da gefen zani. Inna Tambaya ta sunkuya ta ajiye farantin a kan tabarma, ta ɗauki takalmanta a hannu, ta shige gida ba takalmi. Lukmanu ya dube ni sau ɗaya. Ba harara ba ce, da harara ce ma da na ji daɗi. Ya tattara bokitinsa da addarsa ya bi bayanta. Duk na ga wannan, amma ban fahimci komai ba.

Muna shiga gida na faɗa ɗakin Umma ina rawar jiki.

"Umma kin ga Baba? Kin ji har sannu ya yi masa?"

Ta cire mayafinta ta ninke, ta cire ɗan kunne ta sa a gwangwani, sannan ta zauna a bakin gado ta dube ni.

"Saliha, kin san abin da kika yi kuwa?"

"Gaskiya na faɗa, Umma."

"Gaskiya! Ke kaɗai kika san gaskiya a garin nan? Kina zaton su Uba wutar ba ta cinsu? Tana cinsu mana, wa bai sani ba? Kowa na da nasa tabon a ɓoye. Amma ba a faɗa. A gidan maƙera in aka ce wuta ta ci yaro a gaban jama'a, ba yaron ake zagi ba, uwarsa ake zagi. Cewa ake ba jinin gidan ba ne."

Na zauna a ƙasa.

Nan Umma ta ba ni labarin da duk garin suka sani ban da mu yara. Inna Tambaya daga wani ƙauye ta fito a bayan Bunkure, danginta wasu na kan al'adar gargajiya, wasu sun shiga coci, ita ta musulunta ta auri mahaifin Lukmanu. Dangin miji dama ba su so ba. Ba a daɗe ba ya tafi ci-rani kudu, mota ta kife da su a hanya. Da ta haihu bayan rasuwarsa sai matan gida suka zauna lissafin watanni da yatsu, kowacce da nata lissafin. Ba wanda ya fito ya faɗa, amma yaron ya tashi ana wasan wuta da sa'o'insa shi ana cewa ya je ya ja zuga-zugi. A duk tsawon lokacin nan Baffa Uba bai taɓa kiransa ɗan ɗan'uwana ba, sai dai ɗan Tambaya.

"Ranar da ya fara fitowa da addar nan," in ji Umma, "ranar bakin mutane ya mutu. Uba da kansa ya tashi ya rungume shi. Tambaya ta fara zama a sahun gaba a biki. Kina zaton don 'yan kallon waya yake ƙona kansa? Don uwarsa yake yi."

"Umma me ya sa ba ki taɓa gaya min ba?"

"Ina na san kin ga hannunsa? Ke kin gaya min?"

Na yi kuka har na rasa hawaye. Na kira shi, waya a kashe. Na tura saƙo ya fi goma, na ban haƙuri, na rantsuwa, na cewa ban sani ba. Ko ɗaya bai shiga ba.

Washegari da hantsi na zura hijabi na ce wa Umma zan je. Ta ce in je, in kuma aka zage ni kada na buɗe baki, na riga na buɗe na shekara guda.

Ƙofar maƙera duk ledar ruwa da bawon rake na biki. Abin da na fara gani shi ne kayan aikin Lukmanu, masabarsa da awartakinsa da laujunan da bai gama wasawa ba, an fito da su an tara a jikin darbejiya. Maƙera na ci, wani ne zaune a wajensa. Adaidaita sahu na tsaye a ƙofar gida an ɗora masa katifa.

Na sami Inna Tambaya a ɗakinta tana ɗaure kwanuka a tsohon zani. Ankon jiya na rataye a ƙusa. Na durƙusa tun daga bakin ƙofa.

"Inna, ina kwana."

"Lafiya lau, Saliha. Shigo mana, kada ki tsaya a rana."

"Inna don girman Allah ki yafe min. Wallahi ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba."

"Korar ki suka yi?"

"A'a, wa zai kore ni? Ba wanda ya ce min komai." Ta ja bakin zanin ta ƙulle. "Na dai aika wa Uba kokon safe kamar kullum, aka dawo min da shi ko buɗewa ba a yi ba. Na gaida matan gida, kowacce ta ga abin yi a ɗaki. Na taɓa zaman irin wannan da ƙuruciyata, na iya. Yanzu kam na tsufa. Zan je wajen yayana Filibus na huta."

"Ina Lukmanu?"

"Ya yi gaba da buhunan hatsi a babur."

Ta miƙa hannu bayan gado ta ɗauko wata kwalba, zuma ce ta kusa ƙarewa. Ta juya ta a hannu kamar tana tunanin ko ta sa a kaya.

"Da wannan nake shafa masa," in ji ta. "In ya dawo daga koyo sai mu rufe ƙofa, ya ciji hannun riga don kada a ji. Na ce masa ya bari, ni na saba da maganar mutane. Ya ce shi bai saba ba." Ta ɗago ta dube ni. "Ranar da kika gani ya zo ya gaya min. Hankalina ya tashi. Ya ce, Inna kwantar da hankalinki, Saliha ce, ta yi min alƙawari."

Da ta ɗauki muciya ta rafka min da ya fi min sauƙi. Na kifa kaina a gwiwarta ina kuka, ita ce ma take bubbuga bayana tana cewa ya isa, kada na jawo mana 'yan kallo. Na taya ta fitar da kaya. Tsakar gidan nan cike da mata 'yan biki, babu wadda ta ɗaga kai. Ta shiga adaidaita, ta gyara lulluɓinta, ta ce na gaida Ummata. Na tsaya ina kallo har suka hau gadar kanal suka karya kwana.

Na dawo gida na kwanta, ko abincin rana ban iya ci ba. Bayan la'asar Baba ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure, rediyo a gefe, fuskarsa a sake irin yadda na daɗe ban gani ba. Shi maganar gidan maƙera ko a jikinsa, in ma ya ji to ya ɗauke ta shirmen jahilci da zai wuce.

"Zauna, Saliha. Abin da kika yi jiya na ɗaga murya a cikin mutane, kada ki ƙara."

"To Baba."

"Amma ni ma na ɗauki alhakin yaron nan. Na zarge shi da abin da ba ya yi. Mutumin da zai jure wannan don ya koyi abu, zai iya riƙe gida. Wasan dai ba na so, za mu yi maganarsa daga baya." Ya gyara zama. "Ki gaya masa ya turo magabatansa ranar Asabar mai zuwa."

Maganar da na shekara ina roƙon Allah a kanta ke nan, a sujada, a bakin murhu, a kan hanyar gona. Na ce, "Na gode Baba, Allah ya ƙara girma," muryata kamar ta wata. Ya zaci kunya ce, har ya yi dariya ya ce na tashi na ba shi waje.

Na shiga ɗaki na rufo ƙofa. Na duba waya na ga saƙonnina na jiya duk sun shiga, an kuma karanta. Na rubuta masa.

"Lukmanu, Baba ya yarda. Ya ce ka turo magabatanka ranar Asabar mai zuwa."

Na ga alamar yana rubutu. Ta ɓace. Ta dawo, ta ƙara ɓacewa. Na zauna a bakin katifa na ƙura wa wayar ido har ta yi duhu na sake taɓa ta. Can sai ga shi ya shigo.

"Alhamdulillahi. Ki yi wa Baba godiya. Amma Saliha, wa zan turo?"

Ga saƙon nan a wayata har yanzu, ban ba shi amsa ba, don ban san me zan ce ba. A tsakar gida kuma ina jiyo Baba yana ce wa Umma a fito da manyan tabarmi a wanke, za a yi baƙi ranar Asabar.